Kalmar *enormous* a ƙamusoshin Ingilishi da Sinanci: sharhi a kan fassarar kalma da kalma

Ƙamus mai harshe biyu yakan ɗaukar wa ɗalibi alkawari guda: ya kawo kalmar baƙon harshe, a ba shi takwararta a nasa. A wannan sharhi za mu auna alkawarin da kalmar Ingilishi ɗaya, wato *enormous*, yadda ake gabatar da ita ga masu koyo waɗanda harshensu Sinanci ne. Nisan da ke tsakanin harsunan biyu yana fito da wani aibi da ya shafi duk mai harhaɗa ƙamus.

Tsarin ƙamus na masu koyon Ingilishi yana da alaƙa da aikin A. S. Hornby da abokan aikinsa, wanda aka fara bugawa a Tokyo a 1942, sannan Oxford ta sake buga shi a 1948. A 1970 aka fitar da shi a Hong Kong tare da fassarar Sinanci a gefen bayanin Ingilishi. Amfanin wannan tsari a fili yake, domin yana kawo jimlolin misali. To amma ƙananan ƙamusoshin aljihu da na wayar salula sukan zubar da misalan, su bar fassara tsurarta. A nan matsalar take.

Fassarar da aka saba bai wa *enormous* ita ce *juda* ko *pangda*. Ita kuma ake maimaitawa a ƙarƙashin *huge*, *immense*, *vast* da *gigantic*, sai ɗalibi ya ɗauka duk ɗaya suke. Alhali *vast* ta fi dacewa da abu mai faɗi, kamar hamada ko teku, *enormous* kuwa takan bi gini, ko adadin kuɗi, ko tasiri. Su kansu kalmomin Sinancin ba ɗaya suke ba: *pangda* takan siffanta abu mai tarin sassa, kamar hukuma ko kashe kuɗi, *juda* kuwa takan bi canji ko nasara.

Giɓi na farko ya samo asali daga *da*, wato "babba", wadda take ƙunshe cikin *juda* da *pangda*. Wannan kalma tana da faɗin ma'ana a Sinanci: *da yu* shi ne ruwan sama mai ƙarfi, *da feng* iska mai ƙarfi, *dage* babban wa. Ɗalibin da ya fahimci *enormous* a matsayin *da* da aka ƙara wa ƙarfi zai iya liƙa ta ga ruwa ko iska, alhali Ingilishi yana amfani da *heavy* ga ruwan sama, *strong* ga iska, *elder* ga wa. Fassara ba ta nuna wannan iyaka.

Giɓi na biyu na nahawu ne. A Sinanci, idan sifa ta zo a matsayin bayani a jimla, yawanci sai an sa *hen* a gabanta, ko da ba a nufin ƙarfafawa. Da yake ana fassara *hen* da *very*, ɗalibi yakan haɗa *very* da *enormous*. Wannan haɗi bai zauna daidai a kunnen mai harshen ba, domin kalmar ta riga ta kai matuƙa. Abin da ake sa mata shi ne irin su *absolutely* ko *truly*. Bahaushe zai gane wannan nan take, tunda ba a cewa fili "makeke ne kaɗan".

Giɓi na uku ya fi haɗari. Asalin kalmar daga Latin ne: *e*, "waje da", da *norma*, ma'aunin kusurwa na kafinta, wato abin da ya fita daga ƙa'ida. A ƙarni na 16 tana ɗauke da ma'anar abin da ya saɓa wa al'ada, har da mugun aiki. Sifar ta saki wannan ma'ana, amma sunan *enormity* ya riƙe ta: munin laifi. Akwai masu amfani da shi da nufin girma kawai, akwai kuma masu ganin haka kuskure ne. Ɗalibin da ya ƙera sunan daga sifar don yabon wani aiki zai iya zagi a inda ya nufi yabo. Mai karanta Faransanci ya san irin wannan a *énormité*, wadda kan nufi katoɓara.

Abin da ya shafe mu a nan a bayyane yake. "Babba" tana aiki kamar *da*: girman jiki, shekaru da matsayi duk tana ɗauka. Bugu da ƙari Hausa tana rarrabe girma bisa siffar abu: ƙaton sa, makeken fili, zungureriyar sanda, tafkeken gida, gagarumin aiki. Ƙamus ɗin Faransanci da Hausa da zai fassara *grand*, *gros*, *énorme* da *immense* duk da "babba" ko "ƙato" ya tauye harsunan biyu, ya kuma bar malamin yaƙi da jahilci ba shi da amsar da zai bai wa ɗalibinsa.

Saboda haka muna ba da shawarar kada a shigar da sifar girma a ƙamus sai tare da sunaye biyu ko uku da ta saba bi, da layi ɗaya cikin harshen ɗalibi mai faɗin inda ba ta shiga. Idan tsadar takarda ta tilasta ragi, gara a rage yawan kalmomi da a rage misalai.