Inabin Ɗa'ifa a Kasuwar Jidda

Idan zafi ya tsananta a Jidda, motocin kayan lambu sukan gangaro ta hanyar Hada daga Ɗa'ifa, garin da ke bisa duwatsu wajen mita 1,800 sama da teku. Cikin kayansu akwai inabi. A kasuwar da mutanen gari ke kira halaga, dillali ba ya wahalar da bakinsa wajen yabo. Da ya ce "Ɗa'ifi" ya gama talla.

Wannan suna ba jiya aka yi shi ba. Tun kafin Musulunci attajiran Ƙuraishawa ke da gonaki a Ɗa'ifa. Abbas ɗan Abdul Muɗɗalibi yakan jiƙa zabibin Ɗa'ifa cikin ruwan da yake shayar da mahajjata, don ya kashe zartsinsa. Amru ɗan Asi ya mallaki gonar Wahɗu, wadda marubuta tarihi suka jinjina wa yawan kurangar inabinta. Har yau madatsar ruwan Saisad tana tsaye, ɗauke da rubutun da ke cewa an gina ta domin Mu'awiya a shekara ta 58 bayan Hijira. Duk ɗan makarantar Islamiyya kuma ya san ranar da mutanen Ɗa'ifa suka jefi Annabi (SAW), ya fake a lambun Utba da Shaiba, bawansu Addas, Kirista mutumin Ninawa, ya kawo masa nonon inabi. Masallacin Addas yana nan a Masna, alhazanmu na ziyartarsa.

Abin da ke damuna shi ne yadda tarihin ya fi gonar ƙarfi a yau. Gine-gine sun ci filayen da ke gefen kwarin Wajju, ruwa ya yi ƙaranci, furen wardi kuma ya ƙwace ɗaukakar garin, da bikinsa na shekara-shekara da turarensa mai tsada. A manyan kantunan Jidda, inabin Masar da Indiya da Afirka ta Kudu ne ke cika kanta, marar ƙwallo, mai jure doguwar tafiya, cikin roba mai tambari. Na Ɗa'ifa yana da lokacinsa, ya zo ya wuce.

Faransawa sun matse inabinsu suka yi giya, abin da shari'a ta haramta, amma sun yi wani abu da ya cancanci nazari: a 1935 suka kafa dokar da ta ɗaure sunan yanki da ƙasarsa da irin da ake shukawa da yadda ake nomansa. A ganina manomin Ɗa'ifa ya fi kowa buƙatar irin wannan kariya, domin sunan da kowane baki zai iya ara yana saurin tsufa. Bahaushen da ya je halaga neman tsaraba shaidarsa biyu ce kawai: rantsuwar dillali, da ƙwaya ɗayar da aka tsinko masa ya ɗanɗana.