Kasuwa a Rubutaccen Tarihin Sakkwato: Ɗan Tsokaci

Duk malamin da ya taɓa koyar da tarihin Daular Usmaniyya ya san littafin Murray Last mai suna The Sokoto Caliphate, wanda ya fito a 1967. Na karanta shi ba sau ɗaya ba, kuma ina ganin girmansa, domin marubucin ya zauna gaban marigayi Waziri Junaidu, ya kuma dogara da rubuce-rubucen Larabci na magabatanmu. Sai dai littafin na jihadi ne da fada da gidan Waziri. Mai karatu zai fito da sanin yadda aka tafiyar da mulki, amma ba zai san da me mutumin gari yake cin abinci ba.

Ban ɗora wa marubucin laifi ba, don kuwa abin da ya nufa ke nan. Laifin namu ne da muka ɗauki ɓangare ɗaya muka mai da shi dukkan tarihi, har yaranmu suke zaton ciniki da masana'antu sai da Turawa suka ci garin a 1903 suka fara.

Alhali kuwa shaida tana bakin ƙofarmu. Tun bayan da Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, masu sana'a suka zauna shiyya-shiyya, ga sunayen nan har yau: Marina, Majema, Maƙera, Takalmawa. Shi kansa Bello, a cikin Usulus Siyasa, ya hori shugaba da ya kula da masu sana'a. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema suka jeme, fatake ke ƙetara Sahara da ita, har Turai ta san ta da sunan fatar Maroko. Harkar kuɗi ma haka take: da wuri ake ciniki, fatoma na saukar da baƙon falke ya tsaya masa, dillali na haɗa mai saye da mai sayarwa, mata na zuba adashi. Kada kuma mu ɓoye cewa gumin bayi yana cikin wannan arziki, don tarihin da ya ɓoye ɗaci bai cika ba.

Zamanin baya-bayan nan ya fi shan sakaci. Layin dogo ya isa Kano a 1911, reshensa ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba. Wanda bai san wannan ba, ba zai gane dalilin da manyan kamfanonin sayen gyaɗa da fata suka fi kafuwa a Kano ba. Kamfanin siminti na Kalambaina an kafa shi a 1962, ya fara aiki a 1967, daga baya ya koma hannun BUA. Bankin Arewa kuwa ya narke cikin Unity Bank a 2006, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya wajabta wa kowane banki jarin Naira biliyan 25. Ɗalibai nawa ne aka koya wa waɗannan?

Gaskiya ne Saleh Abubakar ya yi ƙoƙarin cike giɓin a kundin digirinsa na uku, Birnin Shehu, a Jami'ar Ahmadu Bello a 1982. To amma ya tsaya a 1903, kuma kundi cikin Turanci ba kasafai yake kaiwa hannun malamin firamare ba.

Don haka ina roƙon 'yan'uwana malamai su riƙa kai ɗalibai wurin tsofaffin majema da marina da 'yan kasuwa, a rubuta abin da suka faɗa da Hausa. Su kuma iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara musu lafiya, su daure su ba da labari, su fito da tsofaffin takardun ciniki da na bashi da ke cikin adaka. Takardun fada suna da masu adana su, amma abin da ke cikin kan tsohon majemi, ranar da ya cika, ya tafi ke nan.