Adana Cikakken Kwafin Manhaja a Inda Sabis Ke Ɗaukewa

A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a faɗin Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle da ke fama da 'yan bindiga. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, amma Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun ci gaba da jira. Ga ɗalibin kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, abin da ya riga ya sauke a na'urarsa shi kaɗai ya rage masa.

A nan ne al'adar ajiye kwafin buɗaɗɗiyar manhaja ke nuna amfaninta. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don aikin Linux, yana bai wa duk wanda ya kwafi rumbun manhaja tarihinta tun daga tushe: wa ya gyara me, yaushe, kuma don me. Da wannan kwafi, mutum zai iya karatu da gyara ko da babu intanet.

Sai dai yawancin kwafe-kwafen da ke hannun mutane guntaye ne. Tsadar data kan sa ɗalibi ya sauke gyaran ƙarshe kaɗai, ya bar tarihin baya. Wanda ya yi amfani da umarnin git clone --mirror zai samu dukkan rassa da alamomin fitowa, amma shi ma da sauransa. Ƙananan rumbunan da manhajar ta dogara da su, da manyan fayilolin da ake ajiyewa ta Git LFS, ba sa biyo kwafin sai an nemo su daban. Rahotannin kurakurai da muhawarar masu gyara kuwa suna zaune ne a shafuka irin su GitHub, ba cikin rumbun ba.

Babbar matsalar ma ba ta giɓi ba ce, ta kwafar ɓarna ce. A Maris 2013, babbar sabar KDE, ƙungiyar da ke gina manhajojin Linux, ta samu lalacewar fayiloli. Sabobin da ke riƙe da kwafi an tsara su su bi uwar ɗakinsu sau da ƙafa, don haka cikin ɗan lokaci suka zubar da lafiyayyun rumbuna suka ɗauko ruɓaɓɓu. Rumbuna kusan 1,500 suka kusa salwanta. Abin da ya cece su shi ne wata saba guda da ta nemi sabunta kwafinta daidai lokacin da babbar take kashe, ba ta samu ba, sai ta tsira da tsohon kwafi mai kyau. Sa'a ce ta yi aiki ranar, ba tsari ba.

Malaman zaure sun daɗe da sanin maganin wannan. Almajiri ba ya cewa ya gama kwafar littafi sai an zauna an gwada shi da na malam, shafi bayan shafi. Git ma yana da nasa gwajin, wato git fsck, wanda ke bin kowane yanki ya tabbatar bai gurɓata ba. Kwafin da ba a gwadawa, kuma yake goge duk abin da asali ya goge, ba ajiya ba ne.

Asalin ma yana iya gushewa. Shafin ajiye manhajoji na Google Code ya rufe a 2016, shekarar da cibiyar Inria ta Faransa ta ƙaddamar da Software Heritage don tattara rubutun manhajojin duniya. Amma wannan taska tana bayan intanet, wanda ya ƙara nuna rauninsa a Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Yammacin Afirka.

Ya kamata sassan koyar da kwamfuta a arewacin Zamfara su ware na'ura guda da faifan ajiya biyu, su riƙa sabunta kwafin manhajojin da suke koyarwa duk lokacin da aka samu sabis, suna gwada shi, suna kuma adana kwafin watan jiya a gefe kafin su karɓi na yau.