John Keegan da Tarihin Sojan Fagen Fama

John Keegan, masanin tarihin yaƙi ɗan Ingila da ya rayu daga 1934 zuwa 2012, ya koyar a Sandhurst, wato makarantar horar da hafsoshin Birtaniya, daga 1960 zuwa 1986, ko da yake cutar tibi ta ƙashi da ta kama shi tun yana yaro ta hana shi sanya kaki. Littafinsa The Face of Battle na 1976 ya cancanci jinjina, domin a cikinsa ya bar taswirar janarori, ya bi ƙaramin soja cikin taɓo da raunuka a yaƙe-yaƙen Agincourt, Waterloo da Somme, yana binciken abin da ke sa mutum ya dake alhali abokansa na faɗuwa kusa da shi.