Waƙar "Jaruma" a Kan Ma'auni

A shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka hana taro, wani saurayi Bakano mai suna Hamisu Breaker ya fito da waƙar da ya kira "Jaruma". Ba a daɗe ba ta cika ƙasa. Daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, duk rumfar da a ke tura waƙoƙi cikin waya, ita za ka ji. Matan aure suka riƙa taka rawarta gaban mazansu, ana ɗauka ana watsawa, har magana ta tashi, waɗansu na cewa ƙauna ce, waɗansu na cewa rashin kunya ne. Wannan gardama ta malamai ce. Mu abin da za mu auna shi ne waƙar kanta.

Mu fara da kyawunta, don kada mu ci amanar mai ita. Kiɗan ba na gaggawa ba ne, yana tafe a hankali, har mace mai zane da mayafi ta iya bin sa ba ta yi tsalle ba. Amshin gajere ne, yaro ya ji sau biyu ya riƙe. Muryar kuma tana da taushi, ko da ya ke na'ura ta goge ta har ba a jin numfashin mutum ciki. Mai niyyar sa ƙafa ta motsa, in ta motsa, ya biya bukata.

To, amma akwai wani awo, wanda ku da kuka koyi rubutu kuna iya yi da kanku. Ku ɗauki takarda ku rubuta baitocin waƙa, ku ajiye kiɗan gefe, sa'an nan ku karanta. Na gwada haka da "Jaruma", sai na ga yabo ne wanda za a iya yi wa kowace mace a kowane gari. Ba a gaya mana halinta ba, ko abin da ta yi har ta ci sunan jaruma.

Ku yi wannan awo da waƙar da Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin ƙasar Gandi, ya yi wa Shago ɗan dambe. Ko an ɗauke kalangu, Shago yana nan tsaye cikin takardar, da fagensa da abokan karawarsa. Ba ka iya cire sunansa ka sa na wani. Watau a wurin Ɗan Anace kiɗa ke bin magana, a "Jaruma" kuwa magana ke bin kiɗa.

Wani zai ce waƙar rawa ba a nemanta da hikima. Gaskiya ne, ai ko kiɗan biki na dā ba duka ke da zurfi ba. Abin tsoro shi ne samarinmu masu sha'awar waƙa su ɗauka nan hanya ta ƙare, su yi ta zuba kalmomi ɗaya a kan kiɗa ɗaya. Kiɗan na'ura yayi ne, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Saboda haka hukuncina shi ne, "Jaruma" ta ci rabin jarrabawa, ta ci da kyau. Sauran rabin yana jiran mawaƙin da zai sa ƙafa ta taka, kuma ya bar wa takarda abin karantawa. Allah ya kawo mana shi.