Diyya a Wurin Farankawa: Kuɗin Rai da Alƙalamin Rumawa

A shekara ta 98 Miladiyya, marubucin Rum Tasitus ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Germania kan ƙabilun da ke ƙetaren kogin Rayin. Cikin abin da ya kawo har da yadda suke kashe wutar gaba. In aka yi kisa, dangin wanda ya yi kisan su kan biya shanu da tumaki adadi sananne, dangin mamaci duka su raba. Ke nan diyya, wadda suke kira wergild, ba Rumawa ne suka koya musu ita ba, ko da yake an sha jingina duk wani tsari na waɗannan mutane ga Rum. Abin da Rum ta ba su alƙalami ne da tsabar zinariya.

Wajen shekarun 507 zuwa 511, zamanin Sarki Kulobis, Farankawa, jikokin irin waɗannan ƙabilu da suka mamaye ƙasar Gol, wato Faransa ta yau, suka sa aka rubuta dokokinsu, Lex Salica. Da Latin aka rubuta, domin harshen ma'abota karatu ke nan a ƙasar. Amma a wasu kwafe an tsarma kalmomin Farankanci, waɗanda ake furtawa a zaman shari'a, kuma suna cikin ɗan abin da ya rage na harshen. Masu kwafa na baya ba sa jin harshen, sai suka yi ta dagula su.

Jerin kuɗin diyya da ke cikin dokokin ne ke tona asirin al'ummar. Ran Bafaranke ɗa solidus 200 ne, wato zinariyar Rum. Bafaden sarki 600. Mace mai haihuwa ita ma 600. Barume mai ƙasar noma kuwa 100 kacal, rabin na Bafaranke. Wasu masana sun ce ragin ya zo ne don Barume ba shi da tsarin dangin da za su karɓi kaso. Ko da haka ne, wanda ya ci ƙasa shi ya yanka farashin wanda aka ci.

Nauyin biya bai tsaya kan mutum ɗaya ba, kamar yadda mai karatun fiƙihu ya san aƙila, wato dangin da ke ɗaukar nauyin diyya. In dukiyar mai kisa ta gaza, sai ya kawo mutum goma sha biyu su rantse ba shi da sauran komai, a bisa ƙasa ko a ƙarƙashinta. Ya shiga gidansa ya ɗebi ƙura daga kusurwa huɗu, ya tsaya a bakin ƙofa yana fuskantar ciki, ya watsa ta da hannun hagu ta bayan kafaɗa a kan ɗan'uwansa mafi kusa. Daga nan ya tsallake shinge da riga ɗaya, ba takalmi, da sanda a hannu. Bashi ya koma wuyan dangi. In su ma suka kasa, aka kai shi zaman shari'a huɗu ba wanda ya fanshe shi, ransa ne biya.

To, shin kuɗi ya kashe gaba? Bishop Giregori na birnin Tur ya ba da labarin Sikar da Karamnesind, rikicin da ya faro wajen 585. Sikar ya kashe dangin Karamnesind, aka yi sulhu, coci ma ta taimaka da kuɗin biya, har suka zama abokan cin abinci. Wata rana giya ta ɗebi Sikar, ya yi masa gorin cewa diyyar danginsa ce ta cika masa gida da zinariya. Karamnesind ya kashe fitila ya tsaga masa kai, ya rataye gawar a shinge don kowa ya san fansa ce ya ɗauka.

Diyyar Farankawa ba ta kawar da ɗaukar fansa ba. Ta buɗe wa dangi hanyar janyewa ba tare da jin kunya ba, kuma tana aiki ne muddin wanda ya biya ya kama bakinsa.