Goshin Klingon da Mutuwar Dalek: Yadda Ake Ɗinke Tarihin Baƙin Halittu a Shiri Mai Dogon Zango

A shekarar 1996 shirin Star Trek ya cika shekara 30, sai masu shirya reshensa mai suna Deep Space Nine suka yi wani kashi na musamman. Suka mayar da jarumansu baya cikin zamani, suka cusa su da kwamfuta cikin hotunan wani tsohon kashi na 1967. Akwai wurin da jaruman ke zaune a mashayar wata tashar sararin samaniya, mai kawo abin sha ta nuna musu wasu mutane a gefe, ta ce ai ga 'yan Klingon nan. Suka duba, sai ga mutane kamar kowa, da gemu da gira mai kauri, an shafa wa fuska hoda mai duhu, goshi sumul. Nan take duk suka juyo suka zuba wa abokinsu Worf ido. Shi ma ɗan Klingon ne, amma goshinsa kunya-kunya ne kamar gonar da aka huɗe. Worf ya haɗe rai, ya amsa cewa ƙwarai danginsa ne, labarin yana da tsawo, kuma ba a tattauna shi da bare.

Mai kallo ya san amsar da Worf ya ƙi bayarwa. A 1967, lokacin da Gene Coon ya ƙirƙiro 'yan Klingon, kuɗin shirin bai wuce na hoda da gemun manne ba. Da aka zo fim ɗin silima na 1979, aljihu ya yi nauyi, masu kwalliya suka ƙera musu sabon goshi. Da an so, sai a ce jinsin ne ya sauya kama a hankali, tunda akwai kusan ƙarni guda tsakanin zamanin Kyaftin Kirk, jarumin tsohon shirin, da na Worf. Amma a 1994 an riga an toshe wannan ƙofa: an dawo da tsofaffin abokan gabar Kirk uku, Kor da Koloth da Kang, 'yan wasan da suka fito a da su ne suka sake fitowa, kowannensu da goshi mai kunyoyi. Mutum ɗaya ke nan da fuska biyu, babu wanda ya ce uffan.

Wannan ita ce matsalar da duk wani shirin almarar kimiyya ke cin karo da ita idan ya daɗe. Abin da ke dawo da baƙin halittu cikin labari yana wajen labarin: farin jininsu wurin masu kallo, kuɗin da ke hannu, yarjejeniya da wanda ya ƙirƙire su, da ɗanɗanon sabon marubuci. Amma duk dawowar da suka yi, sai an nema musu gurbi a cikin tarihin da aka riga aka shimfiɗa. A tatsuniya babu wannan wahala. Gizo na iya shan kashi yau har ya kasa tashi, gobe da dare ga shi garau yana yi wa Ƙoƙi wayo, babu yaron da zai tambaya yaushe ya warke, domin ƙurunƙus ta rufe lissafin jiya. Shirin almarar kimiyya kuwa yana kiran shekara da bakinsa: 1986, 2164, 2266. Wanda ya kira shekara ya fita daga tatsuniya ya shiga tarihi, kuma ya ba mai sauraro izinin ƙirga masa.

Babu inda lissafin ya cakuɗe kamar a shirin Doctor Who na BBC, wanda aka fara nunawa ranar 23 ga Nuwamba 1963. Jaruminsa, Dakta, yana yawo cikin zamani gaba da baya, saboda haka jerin yadda ya haɗu da maƙiyansa daban, jerin tarihin maƙiyan daban. A Disambar wannan shekara marubuci Terry Nation ya kawo 'yan Dalek, halittu naƙasassu da ke zaune cikin sulken ƙarfe mai kama da ganga, da ido ɗaya a kan sanda. A wannan labari na farko ba sa iya fita daga birninsu a duniyar Skaro, domin daga daɓen ƙarfen birnin suke jan lantarki. Da aka yanke wutar suka mutu gaba ɗaya, labari ya ƙare. Sai dai masu kallo sun tashi daga kusan miliyan 7 zuwa sama da miliyan 10 a makonnin da aka nuna su, kuma babu gidan talabijin da zai bar irin wannan kaza a kabari.

Ba a cika shekara ba suka dawo. A Nuwambar 1964 sai ga Dalek yana fitowa daga kogin Thames, wasu suna sintiri a gadar Westminster, a Landan ta ƙarni na 22. Aka manna musu wani faranti a baya don su samu wuta a wajen birninsu, aka sa Dakta ya bayyana cewa mutuwar da aka gani a Skaro sai nan da shekara miliyan za ta faru. Faci na farko ke nan, kuma ya zo da nasa yoyon: in haka ne, ta yaya jinsin da ya mamaye duniyoyi ya koma ya kasa taka ƙofar gidansa? A 1967 aka sake hallaka su a wani labari da aka shirya ya zama na ƙarshe, saboda Nation yana neman kai su kasuwar Amurka. Cinikin bai faɗa ba, suka dawo a 1972. A 1975 Nation da kansa ya sake rubuta asalinsu. A da an ce kakanninsu Dal ne, malamai masu falsafa, waɗanda gubar yaƙi ta naƙasa. Yanzu sai aka ce Kaled ne, kuma wani masanin kimiyya mai suna Davros ne ya ƙera su da gangan, ya cire musu tausayi. A 1988 aka tarwatsa Skaro ƙurmus. Fim ɗin talabijin na 1996 ya buɗe da Skaro tana nan daram.

Kafin a zargi marubutan da sakaci, a tuna yadda talabijin take a wancan zamani. Ana nuna kashi sau ɗaya ne, da wuya a maimaita. BBC tana goge faifai don ta sake ɗauka a kai, shi ya sa har yau akwai kashi sama da 90 na shekarun 1960 da suka ɓace. Marubucin 1975 yana aiki ne da abin da ya tuna da abin da yake zaton yaro mai kallo zai tuna. Zuwan kaset ɗin bidiyo a shekarun 1980, sannan intanet, shi ya sauya ma'auni. Mai kallo ya samu damar tsayar da hoto ya koma baya, har ya fi marubuci sanin abin da aka faɗa shekara 20 da suka wuce.

Daga nan aka samu dabaru iri-iri na neman mafita. Mafi sauƙi ita ce ɓoye suna. Shirin Enterprise, wani reshen Star Trek da aka fara a 2001, an kafa shi ne a ƙarni na 22, kafin zamanin Kirk da shekara sama da 100, amma masu shi suna son baƙin da aka sani. Tarihi ya riga ya ce sai a ƙarni na 24 aka fara ganin 'yan Ferengi ido da ido. Sai aka kawo su a 2002 suka yi fashi a jirgi, suka tafi ba tare da kowa ya ji sunan jinsinsu ba. Haka aka yi da 'yan Borg a 2003. 'Yan Romulan kuwa, tunda wani kashi na 1966 ya ce babu ɗan Adam da ya taɓa ganin fuskarsu, sai aka bar jaruman da jin murya da ganin jirgi kawai. Dabarar tana kiyaye harafin tarihi, amma tana mayar da jarumai kamar marasa lura, waɗanda ɓarawo zai kwana a gidansu su kasa tambayar daga ina ya fito.

Akwai kuma faci na gaba da gaba, inda ake gina labari sukutum don a toshe rami ɗaya. A Fabrairun 2005, Enterprise ya ba da kashi biyu ga goshin nan na 'yan Klingon: wai 'yan Klingon sun yi gwaji da ƙwayoyin halittar wasu mutane da aka ƙara wa ƙarfi, gwajin ya haɗu da wata mura ya zama annoba, maganin da aka samo ya ceci rai amma ya shafe kunyoyin goshi, abin kuma ya bi zuriya. An yi aikin da basira. Sai dai a 2017 shirin Discovery, shi ma reshen Star Trek, wanda aka kafa shekara 10 kafin Kirk, ya fito da 'yan Klingon masu wata kama ta uku, kai ƙwal babu gashi, aka koma gidan jiya. A ɓangaren Doctor Who, wani littafi na John Peel da ya fito a 1997 ya yi ƙoƙarin ceto Skaro da cewa wata duniya ce daban aka tarwatsa bisa yaudara, abin da ya tilasta masa sake fassara labarai da dama da suka gabata. Tun kafin nan, labarin 1985 na 'yan Cyberman, wasu maƙiyan Dakta, ya jingina da abubuwan da suka faru a 1966 da 1967 da 1968, alhali ɗaya daga cikin labaran da ya dogara da su ba ya ma cikin ma'ajiyar BBC a lokacin, sai a farkon shekarun 1990 aka gano shi a Hong Kong. Mai kallo na yau da kullum ya zauna yana kallon amsar tambayar da bai taɓa yi ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Da Russell T Davies ya farfaɗo da Doctor Who a 2005, bayan shekara 16 da dakatar da shi, sai ya wanke allon gaba ɗaya. Ya ce an yi wani babban yaƙi a cikin zamani kansa, tsakanin 'yan Dalek da mutanen Dakta, kowa ya hallaka, tarihi ya yamutse. Duk wani saɓani na baya sai a ɗora wa yaƙin. Ribar farko ta yi kyau ƙwarai: Dalek ɗaya tilo, ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin ƙasa a jihar Utah, ya fi rundunar da aka saba gani ban tsoro. Amma tsohon ciwon ya dawo. Kafin zangon ya ƙare an ga runduna, aka hallaka ta. A 2006 wasu suka ɓullo, a 2008 Davros ya dawo da sabuwar runduna, aka sake hallaka ta. Sai a 2010 aka gane cewa maƙiyin da za ka buƙata baɗi ba ka kashe shi bana, aka bar su suka tsere da ransu.

A gefe guda masoya sun mayar da abin ilimi. Michael da Denise Okuda sun wallafa jerin tarihin Star Trek a 1993. Lance Parkin ya shafe shekaru yana sabunta kundinsa AHistory, inda yake jera labaran Doctor Who bisa shekarun da suka faru a cikin labarin. Paul Cornell da abokansa biyu, a wani littafi na 1995, sun kawo ra'ayin cewa tarihin Dalek biyu ne: na kafin Dakta ya sa baki a asalinsu a labarin 1975, da na bayan nan. Aikinsu ya yi kama da na mai binciken tarihi da ya samu ruwayoyi biyu masu karo da juna: ya auna wace ta fi ƙarfi, ya nemi inda za su haɗu, in ta ƙi ya ajiye su gefe da gefe. Bambancin kawai shi ne, abin da ake bincike a nan bai taɓa faruwa ba, kuma gobe wani marubuci na iya rushe ginin da jimla ɗaya.

A ganina, wanda ya fi kowa iya ɗinkin shi ne wanda ya ɗauki saɓanin ya mayar da shi ma'ana. 'Yan Cyberman, mutanen da suka musanya gaɓoɓinsu da ƙarfe har suka rasa ji, an ba su asali fiye da ɗaya: duniyar Mondas a 1966, Telos daga baya, sannan a 2006 aka ce wani attajiri ne ya ƙera su a wata duniya mai kama da tamu. Na 1966 fuskarsu ƙyalle ce kawai da ramukan ido, saboda abin da kuɗi ya iya saye ke nan. A 2017 marubuci Steven Moffat ya kai mu wani asibiti a ƙasan wani ƙaton jirgi. Majinyata na zaune a jere, an naɗe kawunansu da ƙyalle, kowanne da sandar ƙarin ruwa a gefensa. Ɗaya yana ta danna maɓalli, na'ura tana furta masa kalmar ciwo, ciwo, ba ƙaƙƙautawa. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta murɗa wani abu, ɗaki ya yi tsit. Sai daga baya muka gane ba ciwon ta rage ba, ƙarar ta kashe. Ƙyallen nan na talauci ya zama bandejin tiyata. A kashi na gaba Dakta ya warware rikicin asalin da 'yan kalmomi: ya lissafa duniyoyin duka, ya ce duk inda mutane suke, in fasaha ta haɗu da rashin ɗan'adamtaka, can ma za su ɓullo. Asali uku ya daina zama kuskure, ya koma gargaɗi.

Ma'aunin da nake auna kowane faci da shi ke nan: shin wanda bai taɓa ganin tsohon kashin ba zai samu abin da zai tafi da shi? Asibitin nan yana tayar da tsigar jikin wanda bai san an yi wani abu a 1966 ba. Annobar goshi kuwa sai wanda ya riga ya damu da goshin take yi wa amfani, kuma ko shi, shekara 12 kawai ta yi masa kafin masu kwalliya su sake shawara. Amsar Worf ta fi ta daɗewa. Ya amince da abin da kowa ya gani da idonsa, bai ƙaryata tsohon hoto ba, bai kuma ɗaure hannun marubucin gobe ba. Har ya ƙara mana sani game da jinsinsa, cewa mutane ne masu girman kai da ke da abin kunyar da ba sa faɗa a gaban baƙo.